Addu'ar Ƙauyenmu a Ɗakin Hajiya

Duk wanda na gaya wa ni Bahaushiya ce kuma Kirista, sai ya tsaya yana dubana kamar na ce masa na ga akuya tana tuƙa mota. Daga nan tambaya ta biyo baya: asalinku dai daga ina? Asalinmu daga nan, malam. Ƙauyenmu yana kudancin ƙasar Katsina, can inda kwalta ta gaji ta koma. Gidajenmu ba su da yawa, duk dangin juna ne, kuma babu wanda ya san wani harshe ban da Hausa sai 'yan makaranta da ke gwada Turancinsu a kan kaji.

A tsakiyar ƙauyen majami'armu take, ginin jar ƙasa mai rufin kwano. Kakana na cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasarta da ƙafafunsu. Turawan mishan da suka kawo addinin sun tafi tun ba a haife ni ba. Sun bar mana Littafi Mai Tsarki na Hausa, da haramcin burkutu wanda tsofaffi suka daɗe suna yi wa kwana, da wani irin alfahari da rashin ƙawa. Bangon majami'armu fayau yake, babu hoto, babu gunki, babu kyandir. Benci na ƙasa, maza a dama, mata a hagu. In kaka ta yi kowane gida ya kawo damin dawa na fari a jingine a gaban bagade, har ɗakin ya riƙa ƙamshin rumbu.

Abin da muka fi taƙama da shi kuwa shi ne addu'a. Mu ba ma haddace ta. Dattawa kan ce wanda ya haddace abin da zai gaya wa ubansa bai san uban ba. Za ka durƙusa, ka rufe ido, ka sunkuyar da kai, ka yi wa Allah magana da Hausarka ta gida, da murya a fili. Muna yara an sha rankwashinmu saboda buɗe ido ana addu'a, kuma ban taɓa jin an tambayi mai kai ƙarar yadda aka yi shi ya gani ba. In wani ya kwanta ciwo, matan zumunta su tafi gidan, ɗaya ta durƙusa gefen shimfiɗa, ta kama hannun majiyyaci, ta faɗi sunansa da inda ke masa ciwo, dalla-dalla, kamar Allah bai sani ba. Tun ina riƙe da gefen zanen mahaifiyata nake bin su. Abin ya shiga jikina yadda daka ke shiga hannun mace.

Jidda kuwa aiki ya kai ni. Wani kamfani ne da ke kai ma'aikata asibitoci ya ɗauke ni kula da marasa lafiya: a juya su, a wanke su, a sauya zanen gado, a ba su abinci a baki. Addinina yana rubuce a iƙamata, wato katin izinin zama, kafilina da ya tsaya mini a ƙasar ya sani, babu wanda ya dame ni. An ba mu masauki a unguwar Madain Fahd, ni da 'yan Filifin da 'yan Kenya. Rashin majami'a na iya jure shi, Littafina yana cikin akwati. Abin da ya riƙa cin raina shi ne rashin Hausa. Na yi watanni ban ji an ce mini sannu ba. Sai na kama kaina ina yi wa tukunya magana a kicin.

Wata mai shara a asibitinmu ce ta ce in je unguwar Mahjar ranar hutuna, akwai mutanenmu, har daddawa ake sayarwa. Na je wata Juma'a bayan la'asar, na yi ta bin lunguna cikin abaya, gumi na bin bayana. Sai na ji murya daga wata ƙofa tana yi wa kyanwa faɗa:

"Tafi can, 'yar banza, kullum ke ce a bakin tanda. Yalla!"

Na tsaya cak. Tsohuwa ce baƙa, doguwa, zaune kan kujera 'yar tsugunno, tana juya waina. Na gaishe ta da Hausa. Ta ɗago ta ƙare mini kallo.

"'Yar wace ce ke? Ban san fuskar nan ba."

"Daga Katsina nake, Hajiya. Aikin asibiti na zo."

"Katsina ta gaske? Shigo, shigo, rana za ta dafa ki."

Haka na shiga gidan Hajiya. Iyayenta da ƙafa suka zo aikin hajji ta Sudan, ita a nan Jidda aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Hausarta irin ta da ce, mai nauyi, da Larabci a tsakani. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watsu cikin gari, sai babbar 'yarta da ke zaune da ita tare da nata 'ya'yan. Wannan 'yar ta girme ni, ina ce mata Yaya. Tana jin Hausa sarai, amma rabin amsarta da Larabci take bayarwa, jikokin kuwa sai dai su yi dariya in an yi musu. Hajiya na jin yunwar hira, ni ma haka. Ta riƙa tambayata yadda ƙasa ke ƙamshi in ruwan fari ya sauka, yadda ake gayya, ko da gaske ne dawa kan fi mutum tsawo. Ba a jima ba ta daina ce mini baƙuwa ta koma 'yata, ni kuma na koma ce mata Inna. Kwanon tuwona daban ake ajiyewa ko ban zo ba. A duk faɗin Jidda gidan nan ne kaɗai wurin da in na makara ake tambayar lafiya.

Babu wanda ya taɓa tambayata addinina. Me zai sa? Na ce Katsina, ina Hausa, kaina a rufe, sunana na ranar haihuwa ne irin wanda ke kowane gida. In an ce sai Juma'a in ce in Allah ya yarda, in an ba ni abinci in ce alhamdu lillahi, don haka muke cewa a ƙauyenmu tun kaka da kakanni. Bayan la'asar nake zuwa, motar kamfani kuma ba ta jiran kowa, kafin magariba na tafi. A wurinsu Bahaushe Musulmi ne yadda ruwa yake da jiƙa. Ni kuwa ban ga dalilin da zai sa in shiga gidan mutane ina shela ba. Ban yi ƙarya ko sau ɗaya ba, kuma har gobe ban yarda na yi laifi ba.

Ciwon suga ya daɗe yana cin Hajiya. Ya fara da ƙafa, daga baya ɓarin jikinta na hagu ya shanye, aka ɗauke tanda aka jingine. Yaya na aiki a wata makaranta, ba ta iya ɗaga ta ita kaɗai, kuma ba ta san yadda ake juya mai jinya don kada baya ya yi gyambo ba. Wannan kuwa sana'ata ce. Na riƙa zuwa duk ranar da na tashi aiki da wuri. In wanke ta, in shafe ta da man kaɗanyar da mahaifiyata ta aiko mini, in tsefe mata kai in yi mata kitso biyu. Tana kunya da fari, tana ja da zane. Daga baya ta saki jiki, har takan tsokane ni wai hannuna na manoma ne, zan sale mata fata.

Wata rana da yamma na iso daga dogon aiki, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na tarar ciwon ya taso mata sosai, tana nishi, magani bai yi komai ba. Na gama gyara ta, na zauna. Ta miƙo hannunta mai lafiya.

"'Yata, yi mini addu'a. Yau abin ya fi ƙarfina."

Ban yi tunani ba. Da na yi, da na ɗaga tafin hannu na ce Allah ya ba da lafiya, Allah ya sa kaffara ne, a wuce wurin. Amma mai ciwo ta ce a yi mata addu'a, jikina ya yi abin da ya sani. Na sauka na durƙusa gefen gadon, na kama hannunta, na rufe ido. Na ce ya Uba, ga baiwarka, ka san ta tun tana cikin uwarta a kan hanyar Sudan. Na faɗi ƙafar, na faɗi kafaɗar, na faɗi barcin da ba ta samu. Na ce ta ciyar da baƙuwa ba ta tambayi ko 'yar wace ce ba, ka tuna mata da wannan. Ina ji tana matse hannuna, tana amin, amin a hankali. Rabona da yin addu'a a fili tun gida, sai maganar ta yi ta zubowa. Na rufe yadda muke rufewa, cikin sunan Yesu Almasihu. Hajiya ta ce amin, don bakinta ya riga kunnenta.

Da na buɗe ido Yaya na tsaye a bakin ƙofa da farantin shayi.

"Esh gulti? Me kika ce yanzu?"

Na miƙe, gwiwoyina na ciwo.

"Inti Nasraniyya?"

"Ni Kirista ce, Yaya."

"Kef? Ke ba Bahausa ba ce?"

"Bahaushiya ce ni, gaba da baya. Duk ƙauyenmu haka muke."

Ta ajiye farantin a ƙasa, har shayin ya fantsama. "Duk wannan zaman, kina cin abinci da mu, kina ɗaukar yarana, ba ki faɗa ba? Haram alaiki. Kin yaudare mu."

"Wa ya tambaye ni?" na ce, kuma da zafi na faɗa.

Na juya wajen Hajiya. Hannunta na nan inda na sake shi, tana dubana, hawaye na gangarowa cikin kunnenta.

Da sun kore ni da ya fi mini sauƙi. Ba su kore ni ba, don mutanen kirki ne, kuma suna bukatata. Zan faɗi gaskiyar Yaya: kalma ɗaya daga bakinta, cewa ina wa'azi a gidan Musulmi, ta isa a sa ni a jirgi. Ba ta faɗa ba, ba ta kuma taɓa zagina ba. Sai dai abubuwa suka riƙa sauyawa a hankali. Yaran suka daina hawa cinyata, da na shigo a kira su ciki. Na riƙa samun ƙananan littattafan kira zuwa Musulunci, na Hausa, an ɗora mini a kan jaka. Matan unguwa da suka yi watanni ba su leƙo ba saboda warin ɗakin jinya suka fara zuwa dubiya, amma ni suke dubawa. In sun tambaya Yaya ta ce, "Sista ce daga mustashfa, tana taimaka mana." Daga ƙanwa na koma sista, irin ta asibiti.

Duk wannan da sauƙi. Hajiya ce ta fi ƙarfina, don ita ba ta sauya ba. 'Yata take ce mini kamar da. Sai dai ba ranar da zan zo ba ta roƙe ni ba. Takan bari sai na gama wanke ta, ina shafa mata mai, sannan ta fara.

"'Yata, kalma ce fa guda. Ki faɗe ta in ji da kunnena, halas, shi ke nan, in huta."

"Inna, bari in gama da bayan nan."

"Kada ki kauce mini. Na kusa tafiya. Ba na son in duba can in rasa ki. Wallahi barci ba ya ɗaukata in na tuna."

Ba ƙyama ba ce, tsoro take ji saboda ni, tsoro na gaske, irin na uwa da ta ga ɗanta a bakin rijiya. Shi ya sa ban iya yin fushi da ita yadda nake so ba, sai in fita waje in huce a kan direban mota. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani. Na ce kakana da ya shiga addinin nan 'yan'uwansa sun ƙwace gonarsa, ya yi shekaru yana noma a kan tsakuwa bai koma ba. Na ce a majami'ar nan aka yi mini baftisma, a bayanta aka binne mahaifina. Na ce ba gado kaɗai ba ne, Inna, na gaskata, kamar yadda kika gaskata naki. Ta saurara tsaf, ta ce Allah sarki, washegari ta sake roƙona.

Na kira mahaifiyata a ƙauye don in sami inda zan sauke nauyin. Na ba ta labari tun daga tandar waina. Ta yi murna har da guɗa.

"Kin gani? Ubangiji ne ya kai ki gidan nan. Ba don waina ya kai ki ba. Kin yi mata bishara kuwa?"

"Mama, mace na fama da ranta."

"Ai shi ya sa. Lokaci na ƙurewa. In ta tafi haka, za a tambaye ki jininta."

Tsofaffi biyu, ɗaya a Mahjar ɗaya a bayan Katsina, ba su taɓa ganin juna ba, kowace ta kama hannuna ɗaya tana ja, kowace kuma don ƙauna. Babu wadda ta tambaye ni ko na ci abinci ranar. Na kashe wayar ina huci, na rantse ba zan ƙara kawo maganar Hajiya a gida ba.

Ban yi wa Hajiya bishara ba, ban kuma faɗi kalmar da take so ba. Wata rana dai na gaya mata a fili, don na gaji da kewaye-kewaye: "Inna, ba zan iya ba. Ki yafe mini, amma ba zan faɗi abin da ba ya zuciyata don ki ji daɗi ba." Ta juyar da fuska bango. Na ci gaba da zuwa. Daga baya ciwon ya kama harshenta, magana ta ɗauke. Na ɗauka roƙon ya ƙare ke nan. Ina! In na sunkuya ina gyara mata matashi sai ta ɗaga manuniyar hannunta mai lafiya, yadda suke yi in za su yi shahada, ta kafe ni da ido tana jira. Ni kuwa in kama yatsan in mayar cikin bargo, in ce sanyi zai kama ki. Na tsani kaina, na tsani yatsan, na tsani duk wanda ya sa mu a wannan hali.

Ina wurin aiki da safe Yaya ta kira ni ta ce Ummi ta rasu. Na roƙi shugabarmu, na fita ko kayan aiki ban sauya ba. Na tarar an riga an kai ta wurin wankan gawa da ke jikin masallacin unguwa, mata na shiga yin ban kwana kafin a rufe fuska. Na bi sahu. A bakin ƙofa Yaya ta tare ni, idanunta sun kumbura, ta sa hannu a ƙirjina a hankali.

"Malesh, ya sista. Ma yisir. Ba za ki shiga ba."

"Fuskarta kawai zan gani, Yaya."

"Ki yi haƙuri. Mutane na kallo."

Na koma na jingina da bango cikin rana. Jikin nan babu inda ban sani ba a cikinsa, na san tabon ƙunar tanda a cinyarta, na san inda in an taɓa take dariya. Kitson da ke kanta ni na yi shi. Ina tsaye matan da suka riƙa toshe hanci a ƙofar ɗakinta suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya suka shiga, suna share hawaye da gefen mayafi. Aka fito da ita a rufe, maza suka ɗauka suka tafi.

Da yamma na karya rantsuwata na kira gida. A ƙauyenmu in aka yi wa ɗanmu na nesa rasuwa, matan zumunta kan taru a tsakar gidan uwarsa da tulun kiɗa da caki, su rera waƙoƙin komawa gida, don kada ya yi makoki shi kaɗai a baƙon wuri. An yi wa wanda surukarsa ta mutu a Legas, an yi wa wadda ta rasa jariri a Fatakwal. Na ce Mama, tsohuwar nan ta rasu, ki tara mini mata su rera, ki ajiye wayar a tsakiya in ji.

Ina jin kukan awakinmu ta wayar.

"Ta karɓi Ubangiji kafin ta cika?"

"A'a."

"To me za mu rera? Waƙoƙin nan na waɗanda suka yi barci cikin bangaskiya ne. Ko na yarda dattawa ba za su yarda ba, kin san su."

"Mama, uwa ce a wurina."

"Uwarki tana nan da ranta, ga ta tana miki magana. Ki yi haƙuri, ki ci abinci."

A ranar ƙarshe ta zaman makoki na koma Mahjar. An jera kujeru a lungu don maza, mata na ciki. Yaya da ƙannenta na zaune a jere, duk wadda ta shigo ta bi su ɗaya ɗaya, ta rungume su, ta yi musu gaisuwa. Ni ma na bi layi na yi musu. Aka nuna mini wuri kusa da ƙofa, wajen takalma, aka ba ni gahawa da dabino. Wata tsohuwa ta tambayi ta kusa da ita ko ni wace ce, aka ce mai jinyar marigayiya ce. Ta gyaɗa kai, ta ce mini Allah ya biya, aikinku da lada.

Na shanye gahawar na tashi, don motar kamfani. Na ƙara shekaru a Jidda bayan haka, na kuma je gida hutu, na zauna a bencin mata a majami'armu. Daga Mahjar har ƙauyenmu, har yau babu wanda ya yi mini gaisuwar Inna.